Kan jirgin Jamus mai tururi a ƙasar da ba tasa ba: yaya ake riƙe shi yana aiki?

Wani ɗalibin injiniya da ke karatu a Holan ya aiko da wannan tambaya: "Ranar hutu na je Beekbergen na hau jirgin ƙasa mai tururi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kawunan jiragen, wato injinan da ke jan taragu, kusan duk na Jamus ne, baƙaƙe masu jajayen ƙafafu, wasu tun na Yaƙin Duniya na Biyu. Me ya kawo su Holan? Yaya ake yi injin da ya shekara tamanin yake tafiya har yau? Kuma in mutum yana da kuɗi, zai iya sayen ɗaya ya kai gida Najeriya?"

Ƙanena, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Sana'ata tukunyar tururi ce, ta masana'anta da ta jirgin ƙasa, don haka kada ka yi mamaki in ka ga na daɗe a kan tukunya fiye da komai. A nan ne ran kan jirgin yake, a nan kuma kuɗi da haɗari suke taruwa.

Mu fara da abin da ya kawo su. Hukumar jiragen ƙasa ta Holan ta yi sallama da tururi da wuri. Ranar 7 ga Janairu 1958 kan jirgi mai lamba 3737 ya yi tafiyar ƙarshe, aka ajiye shi a gidan tarihin jiragen ƙasa na Utrecht, sauran kuwa kusan duk masu yankan tsohon ƙarfe suka cinye su. A lokacin ba wanda ya kawo wa ransa cewa wata rana jama'a za su biya kuɗi su hau jirgi don kawai su ji kukan tururi. Sai a ƙarshen shekarun 1960 da cikin shekarun 1970 sha'awar ta taso, ƙungiyoyin sa-kai suka kafu. Wadda ka ziyarta, VSM, an kafa ta a 1975, ita ke tafiyar da layin Apeldoorn zuwa Dieren, sai kuma SSN ta Rotterdam a 1976. Suka duba gida, babu abin saye. Maƙwabciyarsu Jamus ta Yamma kuwa a daidai lokacin take sallamar nata. Tururi bai ƙare a can ba sai Oktoba 1977, kuma ɗaya daga cikin garejin ƙarshe yana Rheine, dab da iyakar Holan. Bayan haka ma hukumar jiragen Jamus ta Yamma ta hana kan jirgi mai tururi hawa layinta har zuwa 1985. Ga kaya a araha, ga shi da sauran ƙarfinsa, ga faɗin layi ɗaya. Ta haka kawunan jirage irin su masu lamba 23 071 da 23 076 suka tsallaka zuwa Beekbergen.

Kaso na biyu ya zo bayan haɗewar Jamus a 1990. Jamus ta Gabas ta ci gaba da aiki da tururi a manyan layukanta har 1988, kuma ko bayan an sauke su daga jan kaya, an riƙa girke wasu a gefen masana'antu da gareji suna dafa ruwan ɗumama gine-gine lokacin sanyi. Da ƙasar ta haɗe sai aka sa su a kasuwa, ƙungiyoyi daga ƙasashe da dama suka yi ta ɗiba.

Akwai wani dalili da ya fi araha nauyi. Tun daga 1925 Jamusawa suka ɗauki tsarin ƙera kawunan jirage a kan ma'auni guda. Famfon iska, famfon ruwa, bawul, kayan birki, fitilu, da yawansu iri ɗaya ne daga wannan samfuri zuwa wancan, ko da kamfanoni daban suka ƙera. Ga ƙungiyar 'yan sa-kai wannan babbar rahama ce. In famfon wannan ya mutu sai a ciro na wancan da ke jiran gyara, a ɗaura, jirgi ya fita. Kuma masana'antar gyara ta Meiningen da ke Jamus, wadda aka buɗe a 1914, har yau tana aiki, tana da zane-zane da ma'aikatan da suka gaji sana'ar. Ita ce ma ta ƙera wa Ingila tukunyar sabon kan jirginsu Tornado, wanda aka kammala a 2008.

Waɗanda ka ce na yaƙi, samfurin 52 ne. An fitar da na farko a 1942, kafin yaƙin ya ƙare an ƙera fiye da 6,000. Ƙafafun da ke jan jirgin guda goma ne, biyar kowane gefe, da ƙanana biyu a gaba. Nauyin da kowane gatari, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ke ɗora wa layi wajen tan 15 ne kawai, shi ya sa yake bin layi mara ƙarfi. Gudunsa kilomita 80 a awa, matsin tukunyarsa bar 16, wato kimanin ninki 16 na matsin iskar sarari. An rage masa duk abin da za a iya ragewa, aka sa baƙin ƙarfe a wuraren da a da ake sa jan ƙarfe, aka rufe ɗakin direba ruf saboda sanyin Rasha. Ba a ƙera shi don ya daɗe ba. Amma da yaƙi ya ƙare sai ga shi warwatse ko'ina: Tarayyar Sobiyet, Polan, Ostiriya, Nowe, Yugoslabiya, har Turkiyya. Jamus ta Gabas ta ɗauki 200 ta yi musu sababbin tukwane a Stendal tsakanin 1960 da 1967, su ne masu lambar da ta fara da 52 80 da 52 81. In ka koma Beekbergen ka dubi lambobin, za ka gane wanda ke ɗauke da tukunyar zamanin yaƙi da wanda aka sake wa.

Yanzu ga matakin da masu ɗoki suka fi faɗuwa a kansa: shin kan jirgin zai shiga layin naka ma kuwa? Abu biyu ake aunawa. Na farko tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu. Jamus, Holan da Ingila duk milimita 1,435 ne, a nan babu matsala. Na biyu shi ne filin da jikin jirgin ke bukata a sama da gefe, wato ƙarƙashin gada, cikin ramin dutse, da bakin dandamalin tasha. Holan ba ta sha wahala sosai a nan ba, Ingila ce ta ga ta kanta. Su ne suka fara gina layin dogo a duniya, sai gadojinsu suka zo gajeru, dandamalinsu kuma dogaye masu matsowa kusa da layi. Kan jirginsu faɗinsa bai kai mita 3 ba, tsayinsa wajen mita 4. Ma'aunin da ƙasashen Turai suka amince da shi a birnin Bern na Suwizalan kuwa faɗin mita 3.15 ne da tsayin mita 4.28, samfurin 52 ma ya ɗan zarce haka a tsayi. Ka kawo shi layin Ingila, silindarsa za ta daki dandamali, bututun hayaƙinsa ya daki gada. Layin tarihi na Nene Valley da ke kusa da Peterborough, mai tsawon kimanin kilomita 12, shi ne ya zaɓi gyara layin maimakon yanke jirgin. Suka daidaita tashoshi da gadoji da ma'aunin Bern, aka buɗe a 1977, daga nan ya zama masaukin kawunan jirage daga Jamus, Suwidin, Denmak, Faransa da Polan. Na Jamus mai lamba 64 305 ya yi shekaru yana aiki a can.

Sai birki. Jamusawa da matsin iska suke taka birki, tsofaffin taragun Ingila kuwa nasu da zuƙe iska yake aiki. Biyun ba sa jin maganar juna. Ko dai ka ƙara wa kan jirgin na'ura ta biyu, ko ka nemo taragun da suka dace da shi. Direban Jamus a dama yake tsayawa, a yawancin layukan Ingila kuwa alamomin hanya a hagu suke, sai mai zuba kwal ya zama idon direba. In kuma ana so kan jirgin ya hau babban layin gwamnati, dole a ɗaura masa na'urar wannan ƙasar mai taka birki da kanta idan direba ya wuce alamar tsayawa, domin ta Jamus daban, ta Holan daban.

A nan amsar tambayarka ta uku take. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, kan jirgin Jamus na babban layi ba zai zauna a kansa ba ko kaɗan. Sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 su ne masu 1,435, amma ba a gina su da wurin shan ruwa ko loda kwal ko ramin zubar da toka ba. In da ni ne mai kuɗin, ba zan je Jamus ba. Akwai namu da suka yi wa ƙasar nan bauta da kwal ɗin Inugu, wasu na harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas, akwai kuma kayan ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, a gidan tarihin Jos. Su suka fi cancantar rumfa da fenti da mai kula.

To mu shiga tukunya.

Tukunyar samfurin 52 doguwar ganga ce ta ƙarfe, a bayanta akwai murhu, akwatin ƙarfe da ruwa ya kewaye ta sama da gefuna. Daga murhun bututai ke tafiya ta cikin ruwan zuwa gaba, ƙanana 113 da manya 35, kowanne tsawon mita 5.2, zafin wuta yana bi ta cikinsu ya fita ta bututun hayaƙi. Bangon murhu shimfiɗaɗɗe ne, shimfiɗaɗɗen ƙarfe kuwa ba ya jure matsi, don haka aka ɗaure bangon ciki da na waje da ɗaruruwan sandunan ƙarfe. A matsin bar 16 ruwan da ke ciki ya kai wajen digiri 200 na zafi, matsin ne kaɗai ya hana shi zama tururi. Ranar da ƙarfe ya tsage, ruwa mai yawa zai juye tururi a lokaci guda, ruwa kuwa in ya zama tururi a sarari yana kumbura wajen sau 1,600. Wannan shi ne fashewar tukunya.

Ba labarin da ba ne kawai. Ranar 27 ga Nuwamba 1977, a tashar Bitterfeld da ke Jamus ta Gabas, tukunyar kan jirgi mai lamba 01 1516 ta fashe saboda ruwa ya ƙare. Rufin murhu ya bushe, ya yi ja, ya saki. Mutum tara suka mutu, har da direba da mai zuba kwal. A Amurka ma, a 1995, rufin murhun wani kan jirgin 'yan yawon buɗe ido ya rufta a kusa da Gettysburg, ma'aikata uku suka ƙone, binciken ya nuna ƙarancin ruwa da sakacin kula da ma'aunin ruwa, daga nan aka tsaurara dokokinsu. Shi ya sa in ka leƙa ɗakin direba za ka ga idon mai zuba kwal kullum yana komawa kan gilashin da ke nuna tsayin ruwa. A rufin murhu kuma akwai matosai masu dalma a ciki, in ruwa ya sauka dalmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya yi gargaɗi. Gargaɗi ne kawai, ba ya kashe wutar.

Abokin gaban da ya fi yin ɓarna a hankali shi ne ruwan da kansa. Ka san farin dattin nan da ke daskarewa a gindin butar mai shayi? Shi ne ke taruwa a jikin murhu da bututai, sai dai a nan tan-tan na ruwa ake dafawa kowace rana. Dattin yana hana ruwa sanyaya ƙarfe, ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, ya kumbura ko ya tsage. Iskar da ke narke cikin ruwa kuma tana cin ƙarfe ta yi masa ƙananan ramuka. Turawan Ingila sun saba da murhun jan ƙarfe, wanda ke da haƙuri. Murhun baƙin ƙarfe irin na 52 ba shi da wannan haƙurin. Duk ƙungiyar da ta sayo shi ta ci gaba da ɗura masa ruwan famfo yadda ta ga dama, za ta sayi sababbin bututai kafin lokaci. Dole a riƙa gwada ruwan, a zuba masa magani gwargwado, a riƙa busar da na ƙasa inda laka ke kwanciya.

Ranar wankin tukunya ita ce ranar da ake gane ƙungiyar da ta san abin da take yi. Sai an bar ta ta huce da kanta, ba a gaggauta mata da ruwan sanyi. A kwance matosan wanki ɗaya bayan ɗaya, a jera su bisa tsari domin kowanne ya koma raminsa. Mutum ɗaya yana harba ruwa ta wannan rami, wani yana zura sandar ƙarfe ta wancan yana kankaro datti, ruwa ja-ja yana zuba ƙasa da ɓarɓashi har sai ya fito fari. Sannan a zura ƙaramar fitila da madubi a duba tsakanin bangaye. Daga nan mai duba tukunya ya shiga murhu ta ƙofar zuba kwal, ƙofar da sai ya miƙa hannuwa gaba ya ja jiki. A ciki duhu ne da warin toka. Yana riƙe da ƙaramar guduma, yana bin kawunan sandunan nan yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kauri, karyayye kuwa muryarsa a dushe take, kana jin bambancin har a hannunka. Wanda ya samu ya zagaye shi da alli. In karyayyu suka haɗu wuri ɗaya, kan jirgin ba zai fita ba sai an canza su, ko da an riga an sayar da tikiti.

Hura wuta ma da ladabinta. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, murhu kuwa yana riga gangar yin zafi, to in aka yi gaggawa sandunan nan ne ke shan wahalar lanƙwasa. Saboda haka tun jajibere ake kunna 'yar ƙaramar wuta ta itace, a bar ta ta kwana tana ɗumama ruwa, da asuba a fara ƙara kwal kaɗan-kaɗan. A zamanin aikinsu waɗannan kawunan jirage sukan yi makonni wuta ba ta mutu ba. A layin tarihi kuwa a hura Asabar, a kashe Lahadi, a bar shi ya yi sanyi har wani mako. Wannan zafi da sanyi da ake ta maimaitawa yana gajiyar da tukunya fiye da doguwar tafiya. Ƙungiya mai hankali takan haɗa ranakun aikin kan jirgi ɗaya a jere, ta bar ɗayan ya huta gaba ɗaya.

Akwai kuma illar girma. Layukan tarihi na Ingila ba a wuce kilomita 40 a awa, taragun ma ba su da yawa. Samfurin 52 an yi shi ne don jan dogon jirgin kaya, shimfiɗar wutarsa ta kusa murabba'in mita 4. Ko tarago huɗu yake ja, dole a rufe shimfiɗar nan duka da kwal, domin in aka bar rami iska mai sanyi za ta shigo ta daki bakin bututai su fara yoyo. Ga asarar kwal, ga wutar da ba ta kai zafin da aka tsara mata ba. A ra'ayina, ga gajeren layi, ƙaramin kan jirgi irin samfurin 64 ko 80 ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Amma na san babba shi ke jawo 'yan kallo, masu riƙe da asusu kuma suna da tasu hujjar.

Komai kyan kulawa, akwai wa'adi. A Ingila tukunya ba ta wuce shekara goma ba a ɗaga ta daga kan ƙafafu, a cire bututai, a tuɓe mata riga. A Jamus babban garambawul na kan jirgi ba ya wuce shekara takwas, tukunya kuma ana binciken cikinta a tsakani. Ana auna kaurin ƙarfe da na'ura, a yanke inda ya sirance a yi walda, sufeto ya duba waldar. Sannan a cika ta da ruwan sanyi a matsa fiye da matsin aikinta. Da ruwa ake gwajin domin in wani wuri ya saki, tsiyaya kawai zai yi. Sai ta ci wannan ake gwada ta da wuta. Irin wannan aiki a kan babban kan jirgi yana cin dubban ɗaruruwan Yuro. In kana son ka ga yadda kuɗin saye ke zama ƙarami, dubi Flying Scotsman na Ingila: gidan tarihinsu ya saye shi kan fam miliyan 2.3 a 2004, gyaransa ya ɗauki shekara goma ya ci fam miliyan 4.2.

Abu biyu nake faɗa wa duk mai shirin saye. Na farko, ya nemi littafin tukunyar kafin ya dubi fenti. Jamusawa suna rubuta tarihin kowace tukunya: inda aka ƙera ta, irin ƙarfenta, kowane gyara da kowane gwaji. Tukwane suna yawo daga wannan kan jirgi zuwa wancan, don haka lambar da ke jikin ɗakin direba ba ta gaya maka shekarun tukunyar. Irin ƙarfen ma magana ce babba. A ƙarshen shekarun 1930 an yi wa samfurori irin su 41 da 50 tukwane da wani ƙarfe mai suna St 47 K, wanda daga baya aka gano yana tsufa ya yi gautsi, har ya sa aka yi ta sake musu tukwane bayan yaƙi. Ba takarda, sufeton ƙasarka da kamfanin inshora za su sa ka tabbatar da komai daga tushe, da kuɗinka. Takardun kuma da Jamusanci suke, sai an sami mai fassara da ya san sana'ar. Na biyu, ya ɗauka cewa akwai asbestos a ƙarƙashin rigar tukunyar har sai gwaji ya nuna babu. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa. Ba aikin 'yan sa-kai da ƙyalle a hanci ba ne, ƙwararru ake kira.

Ƙasan kan jirgin, wato ƙafafu da sanduna da silinda, aikinsa da nauyi amma ba shi da ban tsoro kamar tukunya. Ana sake zuba farin ƙarfe a mazaunin gatari, a fere da'irar ƙafafu in ta ci, a canza zobban fistan, a gwada gatari ko da tsaga a ɓoye. Wanda ya yi shekaru a girke yana ɗumama gini, sau da yawa za ka tarar an kwashe masa sanduna da kayan birki, tukunyar kuma ta sha ruwa mara magani. Arahar irinsa tana da dalili.

Kwal ya zama abin damuwa a 'yan shekarun nan. Jamus ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe ta baƙin kwal a Bottrop a Disamba 2018. A 2022 Tarayyar Turai ta daina sayen na Rasha. Mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales, wadda layukan tarihin Birtaniya suka dogara da ita, ta rufe a 2023. Yanzu daga nesa ake shigo da shi da tsada, kuma ba kowane kwal ke yi ba. Wani yana narkewa ya toshe shimfiɗar wuta, wani hayaƙinsa ya sa maƙwabta kai ƙara. Ana gwada dunƙulen gawayi da aka haɗa da tarkacen amfanin gona, wasu layukan kuma sun koma ƙona mai, musamman saboda tartsatsi da ke tayar da gobarar daji lokacin fari.

Za ka ji masu sha'awa suna gardama a kan ko ya dace a riƙa hura wa tsohon kan jirgi wuta, tunda kowane garambawul yana cire wani ƙarfe na asali ya sa sabo. Gaskiya ne, wanda ke aiki yana cin kansa. Ni ina ganin in samfurin ɗaya tak ya rage a duniya, a ajiye shi a inuwa kada a taɓa. Amma irin 52 da suka rage da yawa, a hura musu wuta. Ajiyewar ma ba ta da tabbas: a Oktoba 2005 gobara ta cinye rumfar gidan tarihin jiragen ƙasa a Nuremberg, ta lalata kawunan jirage da dama, har da 23 105, na ƙarshe da hukumar jiragen Jamus ta Yamma ta karɓa sabo a 1959. Kuma akwai abin da ba ya zama a gidan tarihi, wato iya aikin. Yadda ake jin karyayyen sanda da guduma, yadda ake watsa kwal ya isa kusurwar murhu ta baya, yadda ake jan birki da dogon jirgi ba a girgiza fasinja ba, duk hannu ke koya wa hannu. Waɗanda suka yi wannan aiki a matsayin sana'a a Jamus ta Yamma sun tsufa ƙwarai, da yawa sun rasu. Kai da kake karatun injiniya, in ka je ka ce kana son sa hannu, da wuya su mayar da kai. Da goge-goge da kwasar toka ake farawa, kowa ta nan ya bi.

Wani abu kuma da ba na so a rufe shi da fenti. Samfurin 52 an ƙera shi ne don kai sojoji da makaman Hitler gabas, kuma a masana'antun da suka ƙera shi an yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki da fursunonin yaƙi. Hukumar jiragen ƙasar Jamus ta wancan lokaci ita ce ta yi jigilar Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma zuwa sansanonin kisa. Daga Holan ɗin da kake zaune an kwashi Yahudawa fiye da 100,000, yawancinsu ta sansanin Westerbork, kaɗan ne suka dawo, har hukumar jiragen Holan ta fara biyan diyya a 2019 saboda rawar da ta taka. Ƙarfe ba shi da laifi, ban ce a yanka su ba. Amma ƙungiyar da ke riƙe da irin wannan kan jirgi, haƙƙi ne a kanta ta rubuta a allon bayani wanda ya ƙera shi, da dalilin ƙera shi, da hannun waɗanda aka tilasta, kusa da inda ta rubuta nauyinsa da gudunsa.

In ka sami dama ka koma a ƙarshen makon farko na Satumba, lokacin ne VSM ke babban bikinta na shekara, ana hura wa kawunan jirage da yawa wuta a rana ɗaya. Amma in aikin kake son gani, je da hunturu. Lokacin ne ake zubar da ruwan tukunya tun tana da ɗumi domin cikinta ya bushe, a bar matosai a buɗe iska tana ratsawa, a kwashe toka tas daga murhu da akwatin hayaƙi saboda in ta jiƙe tana cin ƙarfe, a tsiyaye kowane famfo da bututu kada ƙanƙara ta fasa su, a shafe sanduna da giris. Wanda bai sami wuri a cikin rumfa ba a rufe masa bututun hayaƙi, a riƙa ɗan tura shi gaba ko baya lokaci-lokaci don kada gatari ya yi tsatsa a wuri ɗaya. Ka tafi da tsofaffin kaya da takalmi mai ƙarfe a baki.